Kamu Ɗaya na Hanji

Shekara hamsin da biyu ina fawa. Da wankin hanji na fara a kwata, na ƙare da rumfa ta kaina. Abin da ke cikin sa ko rago ba mai koya mini. Shi ya sa da likita ya ɗora hoton cikina a jikin fitila ya fara kewaye-kewaye, na ce ya dakata.

"Babban hanji ne," na ce. "Ta dama, inda ƙarami yake shiga. Ga ƙarin nan."

Ya dube ni, ya dubi ɗana Nu'uman da ya kawo ni.

"Mahauci ne," in ji Nu'uman, murya ƙasa-ƙasa.

"To Baba ya rage mini aiki. Za a yanke wajen kamu ɗaya, a haɗa ƙaramin hanji da abin da ya saura na babba. In an yi da wuri muna sa rai."

Shekara ta goma sha ɗaya ke nan da soja suka koma bariki. Siyasa ta karɓi Nu'uman. Yana bin wani babba, yana da mota da waya biyu. Mutanen gidan babban nan ko haƙori ne ya dame su jirgi suke hawa. Tun likita bai rufe baki ba Nu'uman ya kawo maganar Indiya, wai can inji ne yake yin aikin.

Likitan bai ji haushi ba. Bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, ya ga iri biyun. Ya jawo takarda ya zana ciki.

"Duka biyun ba a farke mutum, Baba. Ƙananan huji ake yi, huɗu ko biyar, a hura iska cikin ya tashi, a zura kyamara. Irin wanda nake yi a nan, ina tsaye a kanka, ina riƙe da dogayen ƙarafa masu almakashi a baki, ina kallon talabijin. Irin na can, ƙarafan a hannun inji suke, likita yana zaune gefe yana juya su da yatsu. Na injin suna lanƙwasa kamar wuyan hannu, ba sa rawa, ɗinki a ciki ya fi sauƙi da su. Sai dai an fi daɗewa a kan tebur. Warkewa kuwa, a wannan aikin, kusan ɗaya ne."

"Ka ji, Baba," in ji Nu'uman. "Ba sa rawa."

"Abin da aka yanke fa?" na ce.

"A duka biyun ana ɗan faɗaɗa huji ɗaya a zaro shi."

"In an zaro, ina ake kai shi?"

"Ɗakin gwaji."

"Daga nan fa?"

Ya juya biro a hannunsa. Na gane ba a taɓa yi masa tambayar ba.

A sana'armu, in mutum ya kawo dabbarsa ka yanka masa, ba ka tura masa nama a kwano ka ce sai an jima. Fatar kake shimfiɗawa, ka jera komai a kai, hanta, huhu, saifa, ƙoda biyu, tumbi, hanji a naɗe, ya gani da idonsa ba abin da ya ɓace. Haka ubana ya koya mini, da mari. Ranar da wuƙa ta cire masa ɗan yatsa kuwa, ni ya miƙa wa a farin ƙyalle, na kai maƙabarta aka binne. Shekara ashirin yatsan nan yana jiransa. Jikin nan ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Ban ga yadda zan mayar da shi da giɓi ba.

Da muka koma unguwarmu Sheshe bayan la'asar ban shiga gida ba, na wuce zauren Salihu. Da ni da Salihu rana ɗaya aka yi mana kaciya, rumfarsa kuma na jikin tawa shekara arba'in. Bara ciwo irin nawa ya kama shi, surukinsa ya kai shi Indiya, inji ya yi masa aiki. Ya dawo garau, har ƙiba ya yi. Amma bai sake leƙa kasuwa ba. Tun hantsi yake zama a zaure, hannu a kwiɓin dama.

"Tsohon banza, kai ma ta same ka?" ya ce.

"Wa ya gaya maka?"

"Tafiyarka. Zauna, kada ka faɗi a ce ni na ture ka."

Ya ɗaga riga ya nuna mini. Tabo huɗu kamar cizon ƙwaro, da ɗaya mai ɗan tsawo ƙasa da cibiya. Aiki ne mai tsabta. Na yaba.

"Kafin barci ya ɗauke ni na ga injin," ya ce. "Hannu huɗu, an sa musu rigar leda, suna tsaye a gefena. Ba kai, ba fuska. Na nemi likitan. Yana can lungu ya ba ni baya, ya cire takalmi, ya cusa fuska cikin wani akwati, ƙafafu a kan fedoji kamar tela. Gwada shi yake yi. Ya motsa yatsa a can, hannu ɗaya ya ɗago a nan. Na rasa wa zan ce wa ya yi bisimilla. Na yi da kaina."

"Amma ka warke."

"Na warke. Ban ce ba su iya ba. Sun fi ka iya yanka." Ya sauke rigar. "Da za mu taho na ce wa tafinta a ba ni abina. Ya yi dariya, ya je ya tambayo. Ya dawo ya ce an gama gwaji, an ƙone. Akwai wani dogon bututu a bayan asibitin, kullum da hayaƙi. Kwana tara ina kallonsa ta taga ban sani ba."

A lokacin mai tsiren bakin layi ya hura wutarsa, hayaƙi ya shigo zaure. Salihu, wanda ya fi kowa cin nama a Sheshe, ya ja wuyan riga ya toshe hanci. Na ga gumi ya karyo masa a fuska, ɓangaren dama kawai.

"Audu," ya ce, "ni fa an riga an fara ƙona ni."

Washegari Nu'uman ya zo da mai ɗaukar hoton fasfo. Na sallami mutumin tun daga ƙofa.

"Baba, me mutane za su ce? Ina da hali, in bar ka a huda ka a Kano?"

"Su ce abin da suka ga dama."

"Allah da zai tara ƙasusuwan da suka rududduge, hanji kamu ɗaya ne zai ɓace masa? Na tambayi malamai, sun ce ba laifinka ba ne."

"Ban ce zai ɓace masa ba. Ni ne zan ji kunya."

"Injin nan fa manya ke rububinsa."

"Ba injin nake gudu ba. A kawo shi Kano, gobe in kwanta masa. A nan ƙasata take."

Ya kaɗa mukullin mota ya fita bai yi sallama ba.

Na koma wurin likita ni kaɗai, na kafa masa sharaɗi. Abin da ya cire nawa ne. Ya ce in an gama gwaji zai sa a ba ni. Na ce ya ba ni hannu. Hannunsa a bushe yake, ba gumi. Na yarda.

Ranar Talata da safe aka yi. Na ga likita tsaye a kaina, na ji bisimillarsa ta cikin ƙyallen da ya rufe baki da shi. Na farka da ciwo a kafaɗa, ba a ciki ba, suka ce iskar da aka hura ce. Kwana biyu na fara shan kunu. Kwana shida na koma gida da ƙafata. Nu'uman ya daina maganar Indiya, amma bai ce na yi daidai ba.

Mako uku ina jira. Kullum na tashi sai in ji kamar na manta wani abu a kasuwa. In na idar da salla na juya dama zan yi sallama, sai in ji wajen fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Ban gaya wa kowa ba.

Wata Alhamis da hantsi Nu'uman ya shigo da farin bokitin roba mai murfi, yana riƙe da shi nesa da shaddarsa.

"Ga shi, Baba. Kuma albishir, likita ya ce sun duba, bai yaɗu ba."

"Alhamdu lillahi. Ajiye. Jira ni a waje."

Na shimfiɗa leda a tsakar ɗaki. Ruwan maganin da ke ciki yana da yaji, ya sa ni hawaye. Na zaro. Ya yi tauri, ya koma ruwan toka. An tsaga shi a tsaye, an daddatsa shi a kwance. Baƙon abu ne mutum ya riƙe cikinsa a hannu yana numfashi. Ban tsaya wannan tunanin ba. Na jera, na haɗa baki da baki yadda ya kamata ya zauna.

Bai haɗu ba. Wuri bakwai akwai giɓi, kowanne kamar faɗin farce, an cire da wuƙa mai kaifi. Biyu a tsakiyar ƙarin, biyu a bakin yanka, uku a kitsen gefe. Na sake jerawa. Bakwai.

Na mayar cikin bokiti na rufe. "Nu'uman! Ta da mota."

Ɗakin gwajin yana can ƙarshen asibiti, bayan wajen wanki. Mai kula da shi dattijo ne, Malam Mikail, siriri, da tabarau a ƙarshen hanci. Na ce masa an tauye mini kayana, wuri bakwai. Bai yi musu ba.

"Ba a taɓa ƙirga mana ba sai yau," ya ce. "Mece ce sana'ar Baba?"

"Fawa."

"Af, shi ya sa. Zo ka gani."

Ya buɗe wata ƙofa ta ciki. A waje rana na dukan kwano, amma ɗakin ba taga, da sanyi kamar cikin rijiya. An ɗauke wuta, sai ya kunna tocila. Kabad-kabad ne na ƙarfe daga ƙasa har rufi, layi-layi, kowanne da ƙananan durowoyi. Ya jawo ɗaya. Ciki wasu 'yan dunƙule ne na kakin kyandir, kowanne kamar ƙwayar sukari, a jere, da lamba a jiki. Ya ɗaga guda a hasken tocila. A tsakiyar kakin akwai ɗan nama ruwan ƙasa, a kwance.

"Duk wanda aka yi wa aiki muna ɗiba mu zuba a kaki. Daga jiki ake fere siriri a duba a madubin ƙara girma. Ba ya ruɓewa, ba ya wari."

"Duk waɗannan mutane ne?"

"Rabin birni na nan, Baba. Malamai, 'yan kasuwa, matan aure. Ƙofar Ruwa, Ƙofar Dawanau, Sheshe. Yawancinsu an daɗe da yi musu sadakar arba'in. Ba maƙwabtan da suka kai su zaman lafiya."

Nu'uman ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Wayarsa ta yi ƙara, ya kashe.

Malam Mikail ya nemo nawa. Suna cikin sabuwar durowa, su bakwai, da sauran fili a bayansu. Na ɗaga kai ina bin layin kabad da ido har inda hasken ya ƙare. Ɗakin bai ƙare a nan ba.

"Tun yaushe kuke tarawa?"

"Tun zamanin soja. Ba a zubarwa."

Sai na tuna. Matata Turai, uwar Nu'uman, a asibitin nan aka cire mata ƙullutu a nono, shekarar da soja suka miƙa mulki. Shekara na zagayowa ta rasu. Ni na shiga kabari na karɓe ta, na kwantar da ita ta dama, na fito ina cewa na sauke nauyi.

"Duba mini Turai Audu, Sheshe."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗauko wani ƙaton littafi da ɓera ya ci gefensa, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa. Can ya miƙe ya nufi ƙuryar ɗakin da tocilar, ya bar mu a duhu. Na ji durowa ta yi kuka. Na ji takunsa yana dawowa a hankali. Ya buɗe tafin hannu.

Guda ɗaya ne. Kakin ya yi ja don tsufa. Shekara goma ina kai mata ziyara bayan ganuwa, ashe tana nan ma, a duhu, da lamba.

"Inna ce?" in ji Nu'uman daga ƙofa. Ban gane muryarsa ba.

"Nata ba mai tambaya," in ji Malam Mikail. "Tafi da shi, ni ban gani ba. Naka ne da magana. Ciwon nan yakan dawo. In ya dawo, waɗannan likita zai nema, ya sake dubawa, ya san maganin da zai ba ka. In babu su, lalube zai yi." Ya jera bakwai ɗin a kan tebur. "Amma naka ne. Ba zan yi kokawa da mahauci ba."

Na miƙa hannu. Sai na ji motsi a bayana. Nu'uman ne ya shigo, ya durƙusa a ƙasan nan mai ƙura da shaddarsa. Tun da ya shiga siyasa ban ga gwiwarsa a ƙasa ba.

"Baba, ka ƙi Indiya na haƙura. Wannan ka bar mini. Ranar da Allah ya yi, wallahi kafin a ɗora ruwan wanka zan zo in karɓa."

Na dubi Malam Mikail. "Ana yi?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara talatin ina nan. Waɗanda suka san da ɗakin nan kaɗan ne, kuma dukansu haka suka ce. Ranar mutuwa gida a cike yake, ana saurin a kai mutum kafin azahar. Ban ga wanda ya dawo ba."

Na daɗe da hannuna a kansu. Sanyi ne da su. Bakwai, in na dunƙule hannu sun shige. Nu'uman yana ƙasa bai ɗago ba, ina jin numfashinsa. Ranar da aka binne uwarsa ma bai yi kuka a gabana ba.

Na tura su gaban Malam Mikail da bayan hannu.

"Mayar."

Ban juya na ga inda ya sa su ba. Ƙarar durowar na ji.

Na ce Nu'uman ya sauke ni a gida ya tafi harkarsa. Na ɗauko bokitin. Salihu yana zaure, ya ga abin da na riƙo, bai tambaya ba. Ya shiga ciki ya fito da farin ƙyalle sabo fil a naɗe.

"Tun da na dawo na saya," ya ce. "Ba ni da abin sawa a ciki."

Muka tari a-daidaita-sahu. Direban ya waiwayo ya ga bokiti a cinyata.

"Baba, nama ne? A sammana mana."

"Nama ne. Ba na ci ba. Tuƙa."

Bazara ce, rana tsaka. A maƙabartar bayan ganuwa ko tsuntsu ba ya motsi. Mai haƙa kabari ya san ni. Na ce ya nemo mini kabarin Turai. Muka yi ta zagaye. Itacen da nake alama da shi an sare tun damina, ban sani ba saboda jinya. Ƙasa ta kwanta, an yi sababbi ta kowane gefe.

"Baba Audu, shekara goma? Ko ni da na haƙa ba zan rantse ba."

"To haƙa ƙaramin rami a jikin katanga. Yi zurfi, saboda karnuka."

Ya haƙa. Na tsuguna zan naɗe hanjin a ƙyallen Salihu. Na fiddo kakin Turai daga aljihu don kada ya faɗo. Ina bukatar hannu biyu, kuma ban so in ajiye shi a ƙasa ba, sai na ɗora a kwanon sarkin da mai haƙa yake kwashe ƙasa da shi. Kwanon tun safe yake a rana. Ban yi wannan tunanin ba. Na naɗe, na ɗaure.

"Audu," in ji Salihu. "Duba."

Kakin ya narke. Ya zama ruwa yana gangarawa a ƙarfen. Ɗan naman yana tsakiya shi kaɗai, ba abin da ya rufe shi.

Na sa yatsa na ɗauko. Ya manne mini. Da ɗuminsa, irin ɗumin jikin mai barci. Shekara goma rabon da in taɓa matar nan. Na tsaya haka, yatsa a sama, fiye da yadda ya kamata. Salihu ya juya baya. Mai haƙa ya dogara da shebur yana kallon ƙasa.

Na kwance ɗaurin, na sa ta a ciki, na sake ɗaurewa. Na kwanta rub da ciki a bakin ramin, ɗinkin yana ja na, na sauke da hannuna har ya taɓa ƙasa. Salihu ya kama ni na miƙe.

"Baba Audu, shi ke nan?" in ji mai haƙa. "In rufe?"

"Ba shi ke nan ba," na ce. "Rufe."